Ƙafar Wa Za Mu Kama?

A cikin watan jiya wata wasiƙa ta iso mana daga wani ɗan'uwa, mutumin Karakkai ta ƙasar Bungudu, wanda ya ke zaune a Gusau yana ɗinki. Ba za mu ambaci sunansa ba. Ya ce 'yan bindiga sun tare motar da wansa ya shiga a hanyar Tsafe, su ka kora shi daji tare da waɗansu matafiya, ran da ya rubuto mana kuwa kwana 40 ke nan ba su sa shi a ido ba. An sayar da shanun huɗa, an buɗe rumbu an sayar da dawa, duk da haka kuɗin fansa bai cika ba.

Mai baƙin ciki ba ya rasa masu ba shi shawara. Wata maƙwabciyarsa 'yar Katolika, mace mai kirki wadda ta ke kai musu tuwo tun ran da abin ya faru, ta ba shi ɗan hoton wani waliyyi, ta ce ya roƙe shi ya kai kukansa gaban Allah. Wani dattijo na majami'arsu ya ce ya yi wa'adi, in wan ya dawo zai saya wa ekklesiya benci 10. Wani kuma ya ce addu'arsa ba ta da nauyi ne domin ya daɗe bai yi azumi ba, zakkarsa kuma ba ta cika. Sai wani abokinsa ɗan Lutheran, mutumin Numan da aiki ya kawo shi Gusau, ya ce masa a ekklesiyarsu ba haka a ke koyarwa ba, ba a roƙon tsarkaka, ba a kuwa sayen kunnen Allah da aiki. Ɗan'uwan nan ya rikice, ya tambaye mu abu biyu. Ko wannan koyarwa ta Lutheran tana da tushe? In tana da shi, to, aikin kirki ya zama banza ke nan? Can ƙasan takardar kuma, da ƙananan baƙaƙe, ya ƙara ta uku, wadda mu ke tsammani ita ce ta sa shi ɗaukar alƙalami tun da fari: ko saboda zunubinsa da ƙarancin aikinsa ne Allah ya ƙi jinsa?

Mun ga ya kamata mu amsa a fili, gama gidaje da yawa a ƙasar Zamfara sun san irin wannan zaman jira.

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Talaka ba ya tashi daga ƙauye ya doshi gaban sarki kai tsaye. Ya kan fara da mai unguwa, mai unguwa ya kai shi wurin dagaci, dagaci ya haɗa shi da hakimi, in ya kai fada kuma sai ya nemi bafaden da zai yi masa iso, kowane da ɗan goronsa. Wannan shi mu ke kira kamun ƙafa. Ba banza a ke yinsa ba. Sarki bai san talakan nan ba, jama'a da yawa suna jiransa, yini kuwa ɗaya ne, ga kwarjinin sarauta wanda ya kan sa bakin mutum ya mutu. A wurin 'yan adam al'adar tana da amfaninta. Amma zuciya ta kan ɗauki wannan al'ada ta tafi da ita har ƙofar Allah, ta ce in sarkin duniya sai da iso, balle Sarkin sama. Ko maƙwabtanmu Musulmi sun daɗe suna muhawara a kan wannan, musamman tun da a ka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, tsakaninta da 'yan ɗariƙa. Wannan tasu ce, ba mu sa baki. Mun ambace ta ne domin a ga tambayar nan ba ta Turawa ba ce, tana cikin zuciyar kowane mutum da ya san shi mai laifi ne.

Mutumin da ya yi wa'adi cikin hadiri

Martin Luther, wanda a ke kiran 'yan Lutheran da sunansa, an haife shi a 1483 a garin Eisleben cikin ƙasar Jamus. Ubansa mai sana'ar haƙar tagulla ne, aiki mai hatsari irin na masu haƙar zinariya na wajen Anka. Mahaƙa na ƙasarsu a zamanin nan sun ɗauki Hannatu, wadda al'ada ta ce ita ce uwar Maryamu, a kan ita ce mai tsaronsu, ko da shi ke Littafi Mai-Tsarki bai faɗi sunan uwar Maryamu ba. Ran 2 ga Yuli 1505, Luther yana saurayi ɗan shekara 21, yana komawa Erfurt inda ya ke karatun shari'a, hadiri ya same shi a fili kusa da ƙauyen Stotternheim. Aradu ta faɗi daf da shi. Cikin firgita ya kira sunan Hannatu, ya yi wa'adi in ta taimake shi zai shiga gidan masu zuhudu, watau waɗanda su ka rabu da aure da dukiya domin ibada. Bayan kwana 15 ya shiga, ubansa yana fushi.

Mai karatu ya lura. Shawarar maƙwabciya da shawarar dattijo, roƙon waliyyi da yin wa'adi, duka biyu Luther ya yi su cikin numfashi ɗaya. Saboda haka wanda zai ba mu amsa ba mai kallo daga nesa ba ne, ya bi hanyar da ƙafarsa har ƙarshenta.

Ya kuwa bi ta da gaske. Ya yi azumi har jikinsa ya raunana, ya kwana a kan addu'a, ya kan yi sa'o'i yana lissafa zunubansa gaban shugabansa, Johann Staupitz, in ya fita kuma ya tuna wani ya komo. Bai sami kwanciyar rai ba. Dalili kuwa shi ne, wanda ya ke auna aikinsa domin ya biya Allah ba ya taɓa sanin ran da mudu ya cika. In ya yi azumin kwana 3, zuciya ta ce me ya hana 7? In ya ba da sadaka, ta ce ai don a gan ka ne. A idon Luther a lokacin nan Yesu Kristi alƙali ne mai zafin rai, shi ya sa ya ke neman waɗanda za su lallashe shi. Nan ne saiwar al'amarin ta ke. Mutum ba ya neman mai yi masa iso wurin uwarsa, sai wurin wanda ya ke tsoro.

Staupitz ya yi ta nuna masa giciye, daga baya kuma ya sa shi koyar da Littafi a jami'ar Wittenberg. Ya fara da Zabura a 1513, ya shiga Romawa a 1515. Maganar adalcin Allah da ke cikin Romawa 1:17 ta daɗe tana razana shi, gama ya ɗauka mudu ne da Allah ya ke auna mutane da shi ya kayar da su. Sannu a hankali ya gane Bulus yana maganar adalcin da Allah da kansa ya ke bayarwa, kamar rigar da mai gida ya kan tuɓe ya sa wa wanda ya zo tsirara. Hannun da ya karɓi rigar shi ne bangaskiya. Hannun bai saƙa ta ba, bai kuwa biya kuɗinta ba.

A garin nan na Wittenberg sarkin ƙasar, Frederick, ya tara ƙasusuwa da tsummoki da gutsattsarin itace waɗanda a ka ce na tsarkaka ne, har a 1520 sun wuce 19,000. A kan baje su ran 1 ga Nuwamba, Ranar Dukan Tsarkaka, mutane su zo su gani su ba da kuɗi, a ce an rage musu horon da za su sha bayan mutuwa. A ƙasashen maƙwabta kuma wani mai wa'azi, Johann Tetzel, yana yawo da takardun sassaucin horo na sayarwa, har a kan saya wa matattu. Ran 31 ga Oktoba 1517, jajiberen ranar nan, Luther ya fitar da batutuwansa 95 a kan cinikin. Daga nan wuta ta kama.

Abin da su ka shaida a Augsburg

Ba mu da wurin bin labarin duka. Abin da ya shafe mu shi ne ran 25 ga Yuni 1530, sa'ad da a ka karanta shaidar bangaskiyarsu a birnin Augsburg, gaban babban sarki Charles na 5. Abokin Luther, Philip Melanchthon, shi ya rubuta ta, fasali 28, har yau kuwa ita ce ekklesiyoyin Lutheran su ke tsaye a kanta. Fasali na 4 ya koyar mutum ba ya barata gaban Allah da ƙarfinsa ko cancantarsa, kyauta a ke baratar da shi saboda Kristi ta wurin bangaskiya. Na 6 da na 20 suna kan ayyuka nagari. Na 21 shi ne na tsarkaka.

Waɗansu suna tsammani 'yan Lutheran sun watsar da tsarkaka. Ba haka ba ne. Sun ce a tuna da su, a gode wa Allah dominsu, a ƙarfafa bangaskiya da ganin alherin da a ka yi musu, a kuma bi gurbinsu, kowa cikin aikin da Allah ya kira shi. Da na gaba a kan gane zurfin ruwa. Sa'ad da mu ka ga Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau 3, a ka kuwa maido shi har a ka ba shi kiwon tumaki, sai mu san ruwan nan da mu ke tsoro wani ya haye shi. Maryamu ma suna girmama ta ƙwarai, Luther da kansa ya rubuta bayani a kan waƙarta a 1521. Har sun yarda tsarkakan da ke wurin Ubangiji suna yi wa ekklesiya addu'a gaba ɗaya. Inda su ka ja layi shi ne a kira sunansu cikin addu'a, ko a dogara da cancantarsu. Hujjarsu kuwa gajeriya ce: a cikin Littafi babu umarnin yin haka, babu alkawarin za a ji, babu kuma misalin wani mai bi da ya yi.

'Yan'uwanmu na Katolika, waɗanda limamansu 'yan Dominik daga Amurka su ka zauna a Gusau tun cikin shekarun 1950, suna da amsa, ya kamata kuwa mu faɗe ta daidai, gama ƙarya a kan maƙwabci zunubi ce ko a cikin gardamar addini. Sun ce ba sujada su ke yi wa waliyyai ba. Sun ce yadda mu kan roƙi ɗan'uwa mai rai ya yi mana addu'a, haka su ke roƙon waɗanda su ka riga mu, tun da shi ke rayayyu ne cikin Kristi. Maganar tana da ma'ana. Amma roƙon masu rai an umarce mu da shi a cikin Yaƙub 5:16, Bulus ma ya roƙi Romawa su yi fama tare da shi cikin addu'a. Wanda mu ka roƙa yana gabanmu, ya ji mu da kunnensa. Waɗanda su ka yi barci kuwa, ba a ba mu ko kalma ɗaya cewa suna jin kiran mutum daga Gusau da na wani daga Roma a sa'a ɗaya ba. Addu'a kuwa a kan alkawari ta ke tsayawa. Wanda ya ke cikin wuta ba ya so ya aika da saƙo ta hanyar da bai tabbata tana kaiwa ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Mu koma kan dalilan kamun ƙafa mu gwada su a ƙofar Allah. Bai san mu ba? Yesu ya ce har gashin kanmu yana da lissafinsa. Lokacinsa kaɗan ne? Zabura 121 ta shaida ba ya gyangyaɗi. Saura tsoro, tsoron kuwa yana da tushe, gama mu masu zunubi ne, shi kuwa Mai-Tsarki ne. Lalle muna bukatar matsakanci. Amma a cikin 1 Timothawus 2:5 Bulus ya ƙidaya masu tsayawa tsakaninmu da Allah, bai sami biyu ba. Wannan ɗayan kuwa ba bafade ba ne da ke jiran goro a zaure. Ɗan Sarki ne, Sarkin kuma da kansa ya aiko shi waje ya nemo mu. Ran da ya mutu labulen Haikali ya tsage tun daga bisa har ƙasa. Wanda ɗan sarki ya kama hannunsa zai shiga da shi, sa'an nan ya tsaya a ƙofa yana neman dogarin da zai yi masa iso wurin ɗan sarkin, ai ya nuna bai gaskata da hannun da ke riƙe da shi ba.

Mutanen Zamfara sun koyi ma'anar kalmar nan fansa da hawaye. Sun san yadda a kan nemi ɗan tsakani, dangi su tara abin da su ke da shi, shi kuwa ya ɗauka ya kai. Aya ta 6 ta surar nan ta Timothawus, da Markus 10:45, da 1 Bitrus 1:18-19, duk sun yi amfani da kalmar. Kada dai a juya misalin a mai da Allah shi ne mai garkuwa, gama zunubi da mutuwa ne su ka ɗaure mu. Abin mamaki a nan shi ne, Ɗan tsakanin bai zo ya karɓi tarin da mu ka yi ba. Ya duba bai iske kome a rumbunmu ba, ya ba da kansa. Fansar da a ka riga a ka biya cikakkiya, ba a yi mata ciko da benci 10.

Tsarkakan da kansu ba su yarda a kama ƙafarsu ba. Karniliyus ya fāɗi gaban Bitrus, Bitrus ya tashe shi ya tuna masa shi ma mutum ne. A Listira Bulus da Barnaba sun kyakketa tufafinsu da a ka so a yi musu hadaya. A bikin Kana kuwa Maryamu ta juya barori wajen Ɗanta, maganarta ta ƙarshe ke nan da a ka rubuta mana. Kada kuma mu manta, a bakin Bulus tsarkaka su ne masu bi masu rai, har da na Korinti masu yawan rigima.

Mu ma muna da namu na gaba. Muna tuna Bishop Samuel Ajayi Crowther, wanda a ka kama shi bawa yana yaro, ya zama bishop a 1864. Muna tuna Dokta Walter Miller da abokan aikinsa, waɗanda ta hannunsu mu ka sami Littafi Mai-Tsarki cikakke da Hausa a 1932. 'Yan Lutheran suna tuna Dokta Niels Bronnum, mutumin Danmak, wanda ya isa Numan a 1913. Daga wannan ɗan iri ekklesiyarsu ta tsiro a Adamawa, ta shiga tarayyar ekklesiyoyi da a ke kira TEKAN, har a 2017 a Windhoek ta ƙasar Namibiya a ka zaɓi babban bishop ɗinta, Musa Panti Filibus, shugaban tarayyar Lutheran ta duniya, ya riƙe har 2023. Akwai kuma masu bishara na ƙauye da iyaye mata waɗanda ba wanda ya rubuta sunansu. Muna gode wa Allah dominsu duka, ba mu kuwa taɓa jin wanda ya durƙusa ya kira Miller ko Bronnum ba.

To, aiki fa?

Tun a zamanin Luther a ke zarginsu da hana aikin kirki, shi ya sa fasali na 20 ya yi tsawo. Amsar a gona ta ke. Mutum biyu suna noma a gandu ɗaya, kunya ɗaya, rana ɗaya tana dukansu. Ɗaya ɗan ƙwadago ne, ɗaya ɗan mai gona. Ɗan ƙwadago idonsa yana kan rana, yana lissafin abin da za a ba shi da la'asar, in mai gona ya juya baya ya kan sassauta, in kuma ya yi rashin lafiya ba shi da kome. Ɗan gida kuwa ba noman ne ya mai da shi ɗa ba. Tun bai iya riƙe fartanya ba ya ke ɗa, tun bai shuka ƙwaya ɗaya ba ya ke ci daga rumbun. Amma duba shi ran da hadiri ya taso a ka bar gero a shanye, wa ya kan fara gudu? Ɗan gida ne, gama gonar ta ubansa ce. Ɗan da ya kwanta a inuwa yana cewa ai ni ɗa ne, mutane su kan fara tambaya ko ya san ubansa.

Haka Afisawa 2 ta jera su. Aya ta 8 da ta 9 sun cire aiki daga kuɗin ceto domin kada wani ya yi fahariya, aya ta 10 kuwa nan da nan ta maido da aiki a kan shi ne abin da a ka sake halittarmu dominsa. Yaƙub bai yi gardama da Bulus ba. Bulus yana faɗa da mai son sayen ɗiyanci, Yaƙub yana faɗa da mai da'awar ɗiyanci da baki, wanda ya ga ɗan'uwa da yunwa ya sallame shi da fatan alheri. Ibrahim, wanda dukansu biyu su ka kafa hujja da shi, an lissafta masa adalci a Farawa 15, miƙa Ishaku kuwa sai a sura 22. Littafi ya yi maganar lada, ba mu musu. Uba ya kan yanka wa ɗansa gayauna, ya kan ɗinka masa riga bayan kaka. Wannan kyautar uba ce ga ɗa, ba kuɗin sayen uba ba ce.

Akwai wani amfani da koyarwar nan ta kawo wanda ba a cika lura da shi ba. Muddin mutum yana tara aiki domin ya biya Allah, fuskar aikinsa sama ta ke duba, matalauci kuwa ya zama tsani ne kawai da a ke takawa a hau. Da ya tabbata an riga an karɓe shi, sai hannunsa ya sami sukuni ya miƙa gefe, wajen maƙwabci. Saboda haka Luther ya ce aikin manomi, da na uwa mai wankin tsummokin jariri, da na bara mai shara, in da bangaskiya a ka yi su, ba su gaza na mai zuhudu ba. Mai ɗinki da bai ci yadin mutane ba, ya kuma cika alkawarin ranar da ya sa, yana bauta wa Allah a bakin kekensa.

A nan dole mu duba gidanmu. Yana da sauƙi mu yi wa Tetzel dariya daga nisan shekara 500. Amma a majami'u da yawa na wannan zamani, waɗanda ba su da hoton waliyyi ko ɗaya a bango, a kan ce wa mai wahala ya shuka irin kuɗi domin mu'ujiza ta fito, a kan sayar da mai da ruwa da ƙyalle, a kan kuma nuna wa mutane cewa addu'arsu ba ta wuce rufin ɗaki sai ta bi ta bakin wani babban bawan Allah. Wannan kamun ƙafa ne, ciniki ne kuma, an sake masa riga kawai. A ganinmu shawarar dattijon nan da ta mai maganar zakka sun fi ta maƙwabciyar hatsari, gama ita ta kuskure hanyar aika saƙo ne, su kuwa sun sa wa jinƙan Allah kuɗi. Cikin masu shawarar duka kuma, ita ce kaɗai a ka ce tana zuwa da akushi a hannu. Ya kamata a sani kuma, ran 31 ga Oktoba 1999, a birnin nan na Augsburg, wakilan Katolika da na Lutheran sun sa hannu a takarda ɗaya, su ka shaida tare cewa ta wurin alheri ne kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin Kristi, Allah ya ke karɓarmu, Ruhu kuma ya ke kiranmu ga ayyuka nagari. Maganar roƙon tsarkaka dai ba a daidaita a kanta ba.

Yanzu, ɗan'uwa, ga tambayarka ta ƙananan baƙaƙe.

Buɗe Ayyukan Manzanni sura 12. Hirudus ya kama manzanni biyu. Yaƙub ɗan'uwan Yohanna an kashe shi da takobi, Bitrus kuwa mala'ika ya fitar da shi daga kurkuku da dare. Sura ɗaya, ekklesiya ɗaya, Ubangiji ɗaya. Wa zai ce azumin Bitrus ya fi na Yaƙub, ko zakkar gidan Zabadi ce ba ta cika ba? Bulus ya roƙa sau 3 a cire masa ƙaya, ba a cire ba. A cikin Luka 13 an kawo wa Yesu labarin waɗanda Bilatus ya kashe, shi kuma ya ƙara da mutum 18 da hasumiya ta faɗa wa a Siluwam, ya ƙi yarda a ce laifinsu ya fi na sauran. Ba mu da ikon yi maka alkawari wanka zai dawo, wanda kuwa ya yi maka wannan alkawari a bakin kuɗi, ka guje shi. Abin da mu ke da ikon faɗi shi ne, shirun kwana 40 ba shaida ba ce cewa an ƙi ka. In kana da zunubin da ka sani, ka tuba, gama tuba ta kowace rana ce. Amma kada ka auna zuciyar Allah da abin da mugaye su ka yi a hanyar Tsafe, ka auna ta da abin da shi ya yi a Golgota. Ana jin addu'arka saboda sunan da ka zo da shi. Mai sunan nan kuwa, in ji Ibraniyawa 7:25, yana da rai kullum yana roƙo domin masu zuwa ta wurinsa.

Ka yi tunanin wanka kuma. Inda ya ke yanzu babu majami'a, babu fasto, babu Littafi, ba shi da abin sadaka, watakila hannunsa ma a ɗaure ya ke. Da a ce da aiki a ke isa wurin Allah, da an rufe masa ƙofa tun ran da a ka kama shi. Amma akwai wani wanda shi ma hannuwansa ba su da ikon yin kome, ɗan fashin da a ka giciye kusa da Yesu. Bai sami zarafin mayar da abin da ya sata ba, bai nemi Maryamu ko Yohanna su sa masa baki ba, ko da shi ke suna tsaye a gindin giciyen. Ya juya kansa ya roƙi Yesu ya tuna da shi, a ka kuwa ba shi amsa a ranar. Ƙofar nan a buɗe ta ke a cikin dajin Zamfara kamar yadda ta ke a majami'ar Gusau.

Hoton nan kuwa, ka mayar wa maƙwabciyarka da ladabi da godiya, kada ka yi mata gardama a bakin ƙofa. Ka roƙe ta ta durƙusa tare da ku ku kira sunan Yesu, gama wannan ita ma ta yarda da shi. In ranka ya so ka yi azumi, ka yi, domin zuciyarka ta natsu gaban Ubanka. Bencin ma, in Allah ya hore maka wata rana, ka saya, ko wanka ya dawo ko bai dawo ba.

Ku kuma dattawan ekklesiyoyin Gusau, da na Tsafe da Bungudu, wasiƙar ta ce matar wan tana gida da 'ya'ya 4, rumbu ya ƙare, shanu sun tafi. Ku bincika cikin jama'arku, za ku san gidan, za ku kuma iske waɗansu irinsa. Ruwan shuka ya kusa, gonar kuwa ko shara ba a yi mata ba tukuna.